Cigiyar Isufu

Mutari, autana, kai ka jawo wannan babi, saboda haka kada ka ga laifina idan ya fi sauran ɗaci. Tun ranar da ka sayi kamarar nan ka hana gidan nan sakat. Kullum kanka na cikin waya, kana kallon fina-finan ƙasashen waje inda yaro ko yarinya ke ɓacewa, a bi sawu, a yi ta tambayar maƙwabta, a tona ramuka, daga ƙarshe a nuno wani bawan Allah mai taɓin hankali a ce shi ne ya aikata. Ran nan ka zo ka zauna bakin tabarmata ka ce kai ma irinsa za ka yi, a kan kawunku Isufu da masu satar mutane suka ɗauke a shekarar fari. Har ka riga ka tsara yadda wata baƙar mota za ta tsaya a bakin kasuwar Matameye. Na ce ka bari sai na huta, ka ɗauka tsufa ne ya motsa. Ba tsufa ba ne. Babu baƙar mota, babu masu satar mutane. Labarin da kuka tashi da shi, kai da yayyenka, a tsakar gidanmu aka ƙera shi, kuma da hannuna a ciki. Bakina ya kasa faɗa muku, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ce babba a ɗakinmu, Isufu ke bi mini, shekara uku ce tsakaninmu. Hoton nan guda da kuka sani, na kakin kolej da gashi a taje, bai nuna shi ba ko kaɗan. A hoton ya ɗaure fuska ne don mai ɗauka ya ce kada ya motsa. Isufun gaske bai iya ɗaure fuska ba. Dogo ne siriri, mai wushirya, idan ya fara ba da labari dariya ke cin ƙarfinsa tun bai kai tsakiya ba, sai mu koma dariyar dariyarsa. Har yau akwai labaransa da ban san ƙarshensu ba. Ni na tsaya a sartifika, ƙarshen firamare, shi ya wuce kolej, kuma kansa ya fi nawa ja nesa ba kusa ba. Lokacin nan ubanku Lawali sabon malamin lakol ne a garin, wato makarantar boko, abin da ya sa har ya koma ga Allah kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Yana da wani tsohon keke, kuma Isufu ne ya fara gano halin keken.

"Yaya Rabi, fito ki ga ikon Allah," in ji shi. "Keken Mushe ya sake lalacewa, kuma yau ma daidai ƙofar gidanmu."

Na jefe shi da ludayi, ya kauce, ya fita yana taya Mushe gyaran keken da lafiyarsa lau. Haka ya yi ta tsokanata har manya suka shiga maganar aka sa rana.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya sauka sau biyu, aka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Mazan unguwarmu da suka saba tafiya cin rani bayan girbi, wannan karo ba su jira komai ba, don babu abin jira. Baba ya tafi Kano tare da su, bai daɗe da tafiya ba aka rufe iyaka, ya zama ko saƙon baki sai an yi sa'a. Gida ya koma hannun wansa, Baffa Habu, mutum mai tsoron Allah da tsoron abin da za a ce, ban dai tabbata wanne ya fi yawa ba. Soja ke mulki, idan jandarma ya ratsa kasuwa har masu ciniki sai su rage murya. Abincinmu jar dawar taimako ce da ake rabawa a ƙofar sufurefe, mai mulkin yankin. Sai ka bi layi tun safe, kuma tuwonta ba ya kama ciki. Gari ya cika da baƙi daga arewa, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suna zube gindin kowace itaciya.

A cikin wannan hali Isufu ya fara canzawa. Da farko shiru ne, muka ce yunwa ce, ai kowa ma ya yi shiru a shekarar. Daga nan ya daina zuwa kolej. Wata rana na dawo daga ɗebo ruwa na same shi bayan rumbu a kwance, ya kafa kunne a ƙasa.

"Yaya, yi shiru," ya ce. "Kin ji? Ruwa ne ke gudu a ƙarƙashi. Sun ce in buɗe masa hanya."

"Su wa?"

Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce marar lafiyar, ya ɗauki fartanya ya fara tono. Cikin mako guda tsakar gidanmu ta zama ramuka, tafin hannunsa duk ya fashe. Mutari, a fina-finanka mai irin wannan lalura shi ne abin tsoro, to ka ji daga bakin wadda ta zauna da shi: kawunka bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, ko kaza bai taɓa kora da mugunta ba. Kansa kawai yake cuta. Ranar da Baffa ya kama shi yana ƙoƙarin sauka tsohuwar rijiyar bayan gidanmu, ba igiya ba komai, ya ce abin ya isa haka. Aka kai shi Yauri, wani ƙauye kusa da mu, wurin wani malami, ya yi sati uku ana ba shi rubutu ana yi masa turare. Ya dawo da mari a ƙafar hagu, zoben ƙarfe da maƙeri ya rufe, da sarƙa da ake ɗaurewa a turke da kwaɗo. Aka kafa turken a ɗakin da Inna ke ajiye tukwane, can ƙuryar gida. Inna ta roƙi a kai shi asibitin Damagaram, Baffa ya ƙi.

"Asibiti rubutawa suke yi," in ji shi. "Abin da aka rubuta kuwa ya fita daga hannunka. Ga yarinya an sa mata rana. Wa zai ɗauki mata daga gidan da ake cewa akwai hauka a jini? Ita da ƙannenta sai dai ku jiƙa su ku sha. Duk wanda ya tambaya, shawara ce ta kama shi, malam ya hana a gan shi."

Yarinyar ni ce. Ina bayan ƙofa ina ji, kuma gaskiyar da zan faɗa muku ita ce ban ji haushin Baffa ba. Sanyi na ji a raina da wani ya furta abin da nake tsoro. Ina son ubanku, so na gaske, irin wanda yarinya ke jin idan ta rasa shi ta rasa komai.

Wata biyu Isufu ya yi a ɗakin tukwane, ni ke kai masa abinci. Akwai ranakun da ba ya ma gane ni, yana can yana amsa wa mutanen da ba na gani. Akwai kuma ranakun da yake dawowa sarai, kuma su suka fi wuya, don a ranakun ne yake duban ƙafarsa. A irin ranar ce ya tambaye ni ko Mushe ya san inda yake. Na ce a'a, an ce masa shawara ce.

"Gara haka," ya ce. "Kada in ɓata miki, Yaya. In na warke dai a bar ni in koma kolej, ko a baya za a mai da ni."

Na ce za a bar shi. Na fita da kwanon na tsaya bayan ɗaki na yi kukana, na share fuska na koma daka.

Ranar da ya tafi ranar rabon dawa ce. Ƙarfen ya ci masa idon sawu har wurin ya yi ruwa, ƙuda na bi. Inna ta wanke masa, ta sa magani, ta ɗauki kwaɗon za ta mayar, hannunta ya ƙi. Ta cire sarƙar ta bar zoben, tunda shi sai maƙeri. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa ta ce ya sha iska kafin mu dawo, ya ce to. Baffa na kasuwa. Muka tafi layi da ƙananan, ba mu dawo ba sai bayan azahar. Muka tarar an naɗe tabarmar an jingine ta da bango yadda ya saba yi, kwanon kununsa a wanke a kife. Abin da ke jikinsa tsohuwar shuɗiyar rigar Baba ce da ta yage a kafaɗa, ba takalmi. Kakinsa na kolej na nan cikin akwati a ninke. Muka duba rijiya, muka duba gonaki, muka leƙa duk inda za mu iya leƙawa ba tare da an tambaye mu abin da muke nema ba.

Washegari Baffa ya ce in sa mayafi in raka shi wurin jandarma, don shi ba ya jin Faransanci. A hanya ya yi mini karatu. Ban da maganar aurena, yana da nasa tsoron. Ɗan kolej ɗan gwamnati ne, idan kwamandan jandarma ya ji an sa masa mari ba da sanin hukuma ba, wanda ya sa shi ne zai sha ɗauri. Jandarman da ya karɓe mu ba Bahaushe ba ne, daga yamma aka turo shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Saurayi ne, bai yi mana tsawa ba, har kujera ya ba ni. Ya karɓi hoton, ya sa takarda a keken rubutu, yana tambaya ina amsawa. Suna, shekaru, tsayi. Da ya zo kan tufafi, Baffa ya ce in ce kaki, na ce kaki. Sannan ya ɗago kai ya dube ni, ya tambaya ko yaron na da wata alama a jiki, kuma ko lafiyarsa ƙalau, don wani lokaci, in ji shi, yara kan bar gida saboda abin da ke damunsu a kai.

Ku lura da kyau a nan. Baffa ba ya jin ko kalma ɗaya. Da na ce akwai zoben ƙarfe a ƙafarsa ta hagu, yana magana shi kaɗai, yana tonon ƙasa, rigarsa shuɗiya ce, Baffa zai ɗauka kamanni nake ƙara kwatantawa. Ba wanda ya riƙe mini baki. Amma na san takardar nan za ta je gidan rediyo a karanta ta, a ji ta a zauren su Mushe. Fuskar mahaifiyarsa ce ta zo mini. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban ma daɗe ina tunani ba, ko numfashi uku ban ja ba.

Na ce, "Lafiyarsa lau. Ba shi da wata alama."

Haka cigiyar ta fita. Aka karanta ta a rediyo, mai shela ya zaga da ita ranar kasuwa, aka aika Kance da ƙauyukan kewaye: ana neman ɗan kolej mai shekara goma sha shida, mai natsuwa, sanye da kaki. Mutane sun nema, ba zan ci haƙƙinsu ba. Direbobi sun sa ido, jandarma sun tare motoci suna sauke duk yaron da ya sa kaki. Amma shekarar nan hanya cike take da masu yagaggun riguna marasa takalmi, wasu har suna surutu su kaɗai don wahala, wa zai tsaya ya ƙare wa ɗaya daga cikinsu kallo? Da aka rasa dalilin da zai sa yaro mai hankali ya bar gidansu, sai gari ya samo nasa dalilin. Wata ta ce ta ga baƙuwar mota, wani ya ƙara mata launi. Mu kuwa muka yi gum, shirunmu ya zama shaida. Bayan wata biyu Baba ya biyo ta daji ya dawo, ƙafafunsa a kumbure. Inna ta faɗa masa gaskiya a ɗaki. Ya fito ya zauna kan turmi, bai yi wa kowa faɗa ba, ya dai ce a tumɓuke turken nan a ƙone. Ya yi ta yawon nema shi kaɗai, kasuwa-kasuwa, amma ko shi bai koma ya gyara takardar ba. Da damina ta dawo aka ɗaura mini aure. Ina cikin lulluɓi mata na guɗa, ni kuwa kunnena na ƙofar gida, ko zan ji dariyar nan da ba ta bari a ƙare labari.

Na ji daɗin aurena, ba zan yi muku ƙarya ba, ku ne shaida. Amma ban taɓa cin abinci mai daɗi ban tuna shi ba. Ranar da na haifi yayanku na fari, abin da ya fara zo mini shi ne wa zai goya yaron nan a wuya ya zaga da shi unguwa yana cika baki shi kawu ne. Ina kewar muryarsa. Ina kewar yadda yake jan "Yaya" idan yana so in ƙara masa tuwo. Inna kuwa har ta rasu ba ta yarda an yi masa sadakar mamaci ba, ba ta kuma yarda an ba da kakin ba. Duk shekara sai ta fito da shi ta shanya, ta ninke ta mayar. Ni da ita ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Ita tana ganin ita ce ta buɗe kwaɗo, ni kuma na san abin da na faɗa da Faransanci, kowa ta riƙe nata.

Shekara tara bayan haka aka tura ubanku koyarwa Icirnawa, muka tare can. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce mai sayar da fura a bakin hanya, Iya Dela, ga surutu ga kyauta. Wata rana da hantsi ina taya ta mulmula fura, hira ta kai mu shekarar fari. Ita ba ta san ko ni ƴar wane gida ce a Matameye ba.

"Ni wanda ya tsaya mini a rai," in ji ta, "wani yaro ne mai taɓin hankali. Dogo haka, da wushirya, da ƙarfe a ƙafa. Kwana huɗu ya yi gindin tsamiyar can. Sai ya kafa kunne a ƙasa ya ce ruwa na tafe. Yaro mai ladabi wallahi. Lokacin ko fura ba ni da ita, kunun dusa nake miƙa masa, in ya sha sai ya wanke ƙwaryar ya kife. Na so in riƙe shi, to ban san na wane ne ba. Rana ta biyar na fito ba ya nan."

Furar da ke hannuna ta faɗi cikin garin gero. Na tambaye ta ko ba ta ji cigiyar wani yaro daga Matameye ba a lokacin.

"Na ji mana, har nan aka yi shela. Ai wancan ɗan kolej ne, mai kaki. Allah sarki, an ce sace shi aka yi. Har addu'a na yi wa uwarsa."

Kwana huɗu. Tsakanin ƙofar gidanmu da tsamiyar nan, mai ƙafa ba ya yini a hanya. Inna ta rasu shekara guda kafin wannan rana, kuma Allah Ya gafarta mini, na yi godiya da ba ta ji ba. Na bi tsofaffin garin ina tambayar inda ya nufa, wani ya ce arewa, wani ya ce kudu, ba wanda ya tabbatar. Na je gindin tsamiyar na zauna. Ba komai a wurin sai awaki.

A nan ubanku ya same ni bayan la'asar, don an je lakol an gaya masa matarsa na zaune gindin itace tana kuka. Na ƙudura zan faɗa masa komai, ko da takardar saki ce za ta biyo baya. Na faɗa masa ramukan, na faɗa masa marin, na faɗa masa abin da jandarma ya tambaye ni da abin da na amsa. Na ce na yi ne don kada danginsa su ji su fasa. Ya tsuguna a gabana, na ɗauka faɗa zai yi.

"Rabi," ya ce, "ai mun sani."

"Kun san me?"

"Rashin lafiyar Isufu. Duk unguwa ta sani. Darni ne fa ya raba gidanku da hanya, ana jin sa yana magana, daga baya ana jin sarƙa. Tun kafin a kai shi Yauri tsohuwata ta kira ni ta ce, yaron gidan su Rabi ba lafiya, Allah Ya ba shi sauƙi, kada ka kuskura ka nuna musu ka sani. Ba wanda ya taɓa kawo maganar fasawa."

"To da kuka ji cigiyar, kuka ji an ce kaki, an ce lafiyarsa lau, me ya hana ku magana?"

"Ku kun rufe abinku," in ji shi, hawaye na zubo masa. "Mu ne za mu tona muku asiri a gaban hukuma? Mu a ganinmu kara muke yi muku. Ni da kaina na zaga Kance da Yauri ina nemansa a ɓoye, don kada ku ji kunya. Nan ne ban zo ba."

Ashe ƙaryata ba ta rufe wa kowa ido a unguwarmu ba. Iya Dela ce ƙaryar ta rufe wa ido, ita da ke miƙa masa ƙwarya. Na ba da ƙanena don in tsare auren da ba wanda ya yi niyyar karɓe mini. Ubanku ya kama hannuna ya ce mu je gida, yara na jira. Na ce ya yi gaba zan taho, ina so in ƙara zama kaɗan a inda Isufu ya zauna.